Masu Riƙe da Lalitar Wasannin Jami'o'in Amurka

A ranar 4 ga Agustan 2023, tsakanin hantsi da almuru, jami'o'i biyar suka sanar da ficewarsu daga Pac-12, gamayyar wasannin jami'o'in yammacin Amurka wadda tushenta ke komawa 1915. Oregon da Washington suka nufi Big Ten. Arizona da Arizona State da Utah suka bi sahun Colorado zuwa Big 12. Kafin ƙura ta lafa, daga jami'o'i goma sha biyu saura biyu kacal. Ba a ci kowa a fili ba, ba a kuma kama kowa da maguɗi ba. Abin da ya rusa gidan shi ne kwamishinan gamayyar, George Kliavkoff, ya kasa kawo kwantiragin talabijin da zai gamsar da shugabannin jami'o'in. Bayan 'yan watanni shi ma ya bar kujerar.

Mai karatu zai so ya san wane irin aiki ne wannan. A Amurka jami'o'i kan haɗu rukuni-rukuni, su riƙa karawa da juna a ƙwallon kwando da guje-guje da iyo da kuma uwa-uba ƙwallon ƙafarsu ta can, wadda ta fi kama da zari-ruga. Kowane rukuni na da ofishi, shugaban ofishin kuwa shi ake kira kwamishina. Ba gwamnati ke naɗa shi ba. Shugabannin jami'o'in ne ke ɗaukarsa, su ne kuma ke sallamarsa. Ba shi da filin wasa ko ɗaya, ba shi da koci, ba shi da ɗan wasa. Nasa shi ne tsara jadawali, kula da alƙalan wasa, shirya gasar ƙarshe, ladabtar da wanda ya karya doka, da sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasanni a raba kuɗin tsakanin jami'o'i. Wannan na ƙarshen ya daɗe da haɗiye sauran.

Da can ba haka abin yake ba. Big Ten, wadda aka kafa a 1896, ta yi shekara ashirin da shida ba ta da kwamishina, sai a 1922 ta ɗauki Manjo John Griffith. Aikinsa na tsaron doka ne: ya tabbatar ɗan wasa ɗalibi ne na gaske, ba haya aka ɗauko shi ba, kuma ba a cusa masa kuɗi a ɓoye. Shekaru da dama waɗanda suka hau irin wannan kujera tsofaffin koci ne ko daraktocin wasanni da suka ga jiya suka ga yau.

Kotun Ƙolin Amurka ce ta sauya fasalin aikin. Kafin 1984, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i a ƙasa baki ɗaya ita kaɗai ke cinikin nuna ƙwallon ƙafa a talabijin. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ta ƙara, kotu ta ce wannan babakere ne da ya saɓa wa dokar kasuwanci. Daga nan ciniki ya dawo hannun jami'o'i da gamayyoyinsu, kwamishina kuwa ya tashi daga mai gadin doka ya koma dillali, irin na kara, wanda ba shi da saniya ko ɗaya amma ba a sallama sai da bakinsa.

Roy Kramer na cikin waɗanda suka fara gane inda aka dosa. Koci ne tun asali, ya ci kofin ƙasa na rukuni na biyu da jami'ar Central Michigan a 1974, ya yi daraktan wasanni a Vanderbilt, sannan ya karɓi SEC, gamayyar kudu maso gabas, a 1990. Ya lura da wata doka da ba a damu da ita ba, wadda ta ba gamayya mai jami'o'i goma sha biyu damar rabuwa gida biyu ta shirya wasan ƙarshe. Da shigowar Arkansas da South Carolina adadin ya cika, aka buga wasan a 1992, kuɗi suka shigo, sauran gamayyoyi suka kwaikwaya.

Amma wanda ya fi kowa nuna abin da kujerar za ta iya shi ne Jim Delany. Ya buga ƙwallon kwando a jami'ar North Carolina a ƙarƙashin shahararren koci Dean Smith, ya karanta shari'a, ya yi aikin bincike a sashen ladabtarwa na NCAA. A 1979, yana ɗan shekara talatin da ɗaya, aka ba shi wata ƙaramar gamayya, Ohio Valley, ya shekara goma yana koyon yadda ake lallashin shugabannin jami'o'i marasa kuɗi masu yawan buƙata. A 1989 ya hau Big Ten, bai sauka ba sai farkon 2020. Da cinikinsa da gidan ESPN ya ƙi daɗi, sai ya haɗa kai da Fox suka buɗe wa gamayyar tasharta ta kanta a 2007, abin da mutane da yawa suka ɗauka kasada ce. Tashar ta kama ƙasa. Da ya jawo Maryland da Rutgers a 2014, kowa ya san ba don ƙwarewarsu a fili ba ne; gidajen da ke biyan kuɗin kallo a yankunan New York da Washington yake hange.

A kudu kuma Mike Slive, lauya wanda ya taɓa zama alƙali a jihar New Hampshire, ya riƙe SEC daga 2002 zuwa 2015. Magajinsa Greg Sankey bai taɓa zama tauraro a fili ba. Ya fara da shirya wasannin nishaɗi na ɗalibai a wata ƙaramar kwaleji a Utica, ya koma jami'ar Northwestern State a Louisiana yana duba takardun bin doka yana kuma koyar da golf, ya zama kwamishinan gamayyar Southland a 1996, sannan ya shekara goma sha uku a ƙarƙashin Slive kafin a ba shi ragama. A zamaninsa ne Texas da Oklahoma suka shiga SEC a 2024. Ni a ganina, tarihin Delany da Sankey na nuna cewa jarin da ya fi tsada a wannan aiki shi ne sanin halin mutanen da suka ɗauke ka, wato shugabanni goma sha shida ko sha takwas, kowanne da gwamnansa da tsofaffin ɗalibansa masu ba da gudummawa suna hura masa wuta.

Pac-12 ta gwada ɗauko baƙi har sau biyu. Larry Scott, tsohon ɗan wasan tanis da ya shugabanci ƙungiyar ƙwararrun mata ta wasan, ya zo a 2009. Ya buɗe tashar da gamayyar ta mallaka ita kaɗai ba tare da abokin tarayya ba, ya kama ofishi mai tsada a San Francisco, albashinsa ya haura dala miliyan 5 a shekara, amma tashar ta kasa shiga jerin tashoshin kamfanin DirecTV, don haka miliyoyin gidaje ba su gan ta ba. Kliavkoff, wanda aka ɗauko daga kamfanin otal da caca na MGM a 2021, ya tarar da bango ya riga ya tsage. Duk da haka ba za a ce baƙunta ce laifin ba. Brett Yormark ya fito ne daga kamfanin nishaɗi na Roc Nation, ya karɓi Big 12 a 2022 ana ganin ta kusa mutuwa, ya yi sauri ya kulle kwantiragi da ESPN da Fox tun kafin Pac-12 ta farga. Shi ya fahimci cewa shugabanninsa tabbas suke nema, ba alkawari ba.

Kevin Warren kuwa ya ɗanɗani ɗacin kujerar. Shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci ɗaya daga cikin manyan gamayyoyi biyar. Watanni kaɗan da hawansa Big Ten annobar korona ta sauka. A Agustan 2020 aka ɗage kakar ƙwallon ƙafa bisa ƙuri'ar shugabannin jami'o'i, amma shi aka zaga: iyaye suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishinsa, wasu 'yan wasan Nebraska suka garzaya kotu, Shugaba Trump ya buga masa waya. Bayan wata guda aka janye matakin. A 2022 ya jawo USC da UCLA daga Pac-12, ya ƙulla cinikin sama da dala biliyan 7 na shekara bakwai, sannan ya tattara ya koma shugabancin kulob ɗin Chicago Bears.

Rushewar gamayya ba sabon abu ba ne. Southwest, inda Hakeem Olajuwon ɗan Legas ya yi suna da jami'ar Houston, ta watse a 1996, kuma talabijin na cikin manyan dalilai. Ya kamata a tuna kuma cewa gamayyoyin babban rukuni sun kai talatin da wani abu, mafi yawansu ba su san biliyan ba. Mata sun fi samun ƙofa a wajen manyan biyar ɗin nan: Jacqie McWilliams ta karɓi CIAA, gamayyar jami'o'in baƙar fata, a 2012, Val Ackerman ta hau Big East a 2013. Teresa Gould kuwa an ba ta Pac-12 ne a 2024, bayan gida ya ƙone.

Yanzu aikin ya sake sabon salo. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Abin da aka ɗauki Griffith ya hana, shi magadansa ke tsara yadda za a biya. Wannan gyara ne da ya makara, domin 'yan wasan ne ke jawo kuɗin. Inda kwamishinonin suka gaza shi ne kan ɗalibin da ba a nuna wasansa a talabijin. 'Yar wasan ƙwallon raga ta UCLA a yau takan yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey don wasan gamayya, ta dawo ta tarar da jarrabawa, kuma babu kwamishinan da ya taɓa rasa aikinsa saboda haka.