Tsohuwar Suzuki ta Ƙungiya: Ciwace-ciwacenta da Maganinsu

A wasu ƙungiyoyinmu akwai 'yar mota wadda ta girmi samarin da ke tuƙa ta. Ita ce ke kai taki gona da farkon damina, ta kwaso masara da kaka. In kuwa naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, ita ake tasa zuwa asibiti. Muna nufin ƙaramar Suzuki mai ja da ƙafa huɗu. Kamfanin Suzuki na ƙasar Japan ya fara ƙera irinta a 1970. Samfurin SJ410 ya fito a farkon shekarun 1980 da giya 4, SJ413 kuma ta biyo baya a 1984 da inji mafi girma da giya 5. Da ƙyar nauyinta ya kai tan ɗaya, shi ya sa takan ratsa laka inda manyan motoci ke kafewa. Amma yanzu tsufa ya kama ta, kuɗin sabuwa kuwa ya fi ƙarfin yawancinmu. Lalle ne mu san ciwonta tun bai kwantar da ita ba.

Zafin inji

Wannan shi ne babban makashinta. Kan injin na alminiyam ne, in ya yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Kowace safiya, tun inji na da sanyi, a duba ruwan lagireto, a taɓa fambel a ji ko ya saki. Da kaka ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa sukan toshe fuskar lagireto, sai a wanke su da ruwa daga baya zuwa gaba. In allura ta hau ja, a tsaya nan take. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, tururin yana sale fuska. Har wa yau akwai wani bel mai haƙora a ɓoye cikin murfi a gaban inji. Ran da ya tsinke, mota ta tsaya ke nan. In ba wanda ya tuna ranar da aka sake shi, a sake shi.

Ƙura da gurɓataccen mai

In mota tana tari, ko tana mutuwa da an ɗaga ƙafa daga totur, yawanci datti ne a kafireta. Lokacin hunturu a riƙa kaɗe matatar iska kowane mako. Fetur na jarka kuma a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba. Matatar mai ba ta da tsada, a ajiye ɗaya a mota tare da fulogi 4.

Rawar sitiyari

Wani lokaci in taya ta faɗa rami sai sitiyari ya kama kakkarwa kamar zai fizge daga hannu. Sau da yawa boris ɗin da ƙafar gaba ke juyawa a kansu ne suka cinye, watau na sama da na ƙasa a kowane gefe. A ɗaga ƙafar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, a kai wa makaniki ya sake su, ya sake shafin da ke tare giris, ya duba sandunan sitiyari. Wannan ba gyaran da za a ce sai bayan girbi ba ne, gama rayuka ne a ciki.

Bayan ƙetare rafi

Ƙarfen ƙafa yakan yi zafi a tafiya. Da ya shiga ruwan sanyi sai ya zuƙi ruwa ta 'yar ƙofar numfashinsa. Bayan an ƙetare ruwa mai zurfi a kwance noti a duba man giya. In ya yi fari kamar kunu, a zubar a sa sabo, in ba haka ba haƙoran giya za su lalace. A kuma taka birki a hankali sau da dama har ya bushe.

Ta ƙi tashi

In an murɗa makulli aka ji "ƙas" kawai, kada a yi saurin sayen batir. A fara kankare kawunan batir, a ɗaure wayar da ke zuwa jikin mota. Tsofaffin wayoyi ba sa kai isasshiyar wuta, kuma mai gyaran wayarin yana iya ƙara 'yar na'ura mai araha ta magance wannan.

Laifin da ke namu

Mu faɗi gaskiya, rabin ciwonta mu ne muke jawo shi. Muna ɗora mata buhu kan buhu, mutane kuma su hau bisa, har sifirin ya miƙe ko ya karye. Mota ce gajera mai tsayin ƙafa, kaya a sama yana sa ta kife a kwana. Gara sawu biyu da asara ɗaya. Na biyu, a kan kwalta kada a bar ta tana ja da ƙafa huɗu. Wannan na laka ne da yashi, a busasshiyar hanya yana murɗe ƙarafa ya cinye taya. Na uku, takin zamani yana cin ƙarfe kamar gishiri. A shimfiɗa tamfol, a wanke bayan mota ranar da aka sauke. A leƙa ƙarƙashi a duba shasi, musamman inda sifirin ya kama, a yi walda tun tsagar tana ƙarama.

Shawara ga shugabanni

Motar kowa da kowa ba ta daɗewa. A naɗa direba ɗaya, a ba shi littafi ya riƙa rubuta ranar juyen mai da kowane gyara. Daga kuɗin kowane sawu a ware wani abu cikin asusun gyara, ma'aji ya karanta shi a taron wata. Babban gyara kuma a yi shi da rani, lokacin da hanya ta bushe kuma akwai ɗan kuɗin amfanin gona a hannu. Rigakafi ya fi magani. In muka bari sai watan Agusta, rafi ya cika, marar lafiya na kwance, ranar nan ba makanikin da zai iso mu.