Ba saki, ba zama tare: abin da ya kamata ku sani kan yarjejeniyar raba zama

A watan Oktoban 2023, 'yar fim ɗin Amurka Jada Pinkett Smith ta faɗi maganar da ta karaɗe soshiyal midiya. Ta ce ita da mijinta Will Smith sun daina rayuwa irin ta mata da miji tun 2016. Shekara bakwai kenan a lokacin, kuma babu saki a tsakaninsu. Idan ka bi kwamen ɗin mutane a ranakun nan, tambaya ɗaya aka yi ta maimaitawa: to wannan aure ne ko mene ne?

Kafin ka yi musu dariya, leƙa unguwarku. Akwai wadda ta yi yaji tun kafin azumi, ga shi har an ci naman layya, miji bai je biko ba, bai kuma aiko da takarda ba. Akwai wadda aka ce wa "je ki gida sai na neme ki", ta shekara tana jiran nema. Tambaye ta matar aure ce ko bazawara, ita kanta ba ta da amsa. Yara kuwa suna tsakiya, ba a san wanda zai biya kuɗin makarantarsu ba.

Nesanta da juna na ɗan lokaci yana iya ceto aure, wannan gaskiya ne. Amma idan ba a sa masa sharuɗɗa da wa'adi ba, sai ya koma azabar da ta fi saki ciwo. Shi ya sa a wasu ƙasashe ake rubuta shi a takarda.

Mece ce yarjejeniyar?

Mata da miji ne suke amincewa kowa ya zauna daban, aure yana nan bai mutu ba, sai su rubuta yadda al'amura za su gudana: wa zai zauna a gidan, wa zai biya haya, yara a hannun wa, nawa za a riƙa bayarwa duk wata, bashin da ke kansu wa zai biya. Kowa ya sa hannu.

A Ingila, wannan takarda ba hukuncin kotu ba ce, kuma ba dole ne alƙali ya bi ta ba. Amma idan kowane ɓangare ya nemi shawarar lauyansa, kowa ya bayyana dukiyarsa ba ɓoye-ɓoye, kuma ba a tilasta wa kowa ba, kotu takan ba ta nauyi sosai in rigima ta taso. Akwai kuma hanya ta biyu, inda kotu da kanta take ba da umarnin raba zama ba tare da ta warware auren ba.

Me ya sa ba za su rabu kawai ba?

Wasu addini ne ya hana su. Cocin Katolika ba ta amince da saki ba, don haka mabiyanta da zama ya gagara sukan tsaya a raba zama. A ƙasar Filifins ma doka ba ta ba da damar saki ba sai ga Musulmi, waɗanda ke da dokar iyali tasu tun 1977. Sauran jama'a, in ba a rushe auren daga tushe ba, sai dai kotu ta raba musu zama, kuma babu wanda zai sake aure a cikinsu.

Wasu kuma lokaci ne bai yi ba. A Ingila ba a shigar da buƙatar saki sai aure ya cika shekara ɗaya. A Italiya raba zama shi ne matakin da aka saba bi kafin saki. A da sai an yi shekara uku, amma a 2015 aka rage zuwa wata shida idan da amincewar juna, ko shekara ɗaya idan ana jayayya. A Amurka kuwa har da lissafin kuɗi: mutane da yawa suna samun inshorar lafiya ne ta wurin aikin miji ko na mata, kuma saki yakan yanke ta.

Sai kuma dalilin da kowa zai gane: har yanzu akwai sauran so, fushi ne ya yi yawa, ana buƙatar a huce.

A Najeriya fa?

Dokar shari'o'in aure ta 1970 ta tanadi wannan, amma ga auren rajista kawai, wanda aka fi sani da auren kotu. Babbar kotun jiha tana iya ba da umarnin raba zama. Umarnin yana ɗauke wa mutum wajibcin zama da abokin aurensa, amma aure yana nan, babu mai auren wani. Dokar ta kuma hana shigar da ƙarar saki kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu. Sannan idan ma'aurata suka yi shekara biyu ba sa tare kuma ɗayan bai ƙi a rabu ba, ko suka yi shekara uku, wannan yana cikin hujjojin da kotu ke karɓa cewa aure ya mutu. Ka ga kenan rubuta ranar da aka fara raba zama ba wasa ba ne.

Wannan doka ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba. To amma kada ka ɗauka shari'ar Musulunci ta bar wurin a buɗe. A Suratun Nisa'i, aya ta 35 ta ce idan ana tsoron ɓaraka a naɗa mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Aya ta 128 ta halatta ma'aurata su yi sulhu a kan wasu sharuɗɗa, kuma malaman tafsiri sukan kawo misalin Uwar Muminai Sauda, wadda ta bar wa Nana A'isha kwananta ta ci gaba da zama matar Annabi (SAW). Aya ta 129 ta yi gargaɗi a kan barin mace a rataye. A Suratul Baƙara kuma, mijin da ya rantse ba zai kusanci matarsa ba an ba shi wata huɗu ne kacal, ko ya dawo ko a rabu. Wato sulhu ya halatta, amma ratayewa ba iyaka bai halatta ba.

Abubuwan da ba su canza ba

Nan ne matasa da yawa suke ruɗewa. Raba zama ba saki ba ne. Ke matar aure ce, babu maganar sauraron wani, ko a waya ko a zaure. Kai ma miji ne, ci da sha da sutura da magani suna wuyanka. Idan ɗaya ya rasu, ɗayan yana da gado, kuma mace za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma.

Akwai abu biyu da ya kamata ku yi hattara da su. Na farko, malaman fiƙihu da yawa suna ganin macen da ta bar gidan miji ba izini kuma ba uzuri tana iya rasa haƙƙin ciyarwa. Wannan shi ne bambancin yaji da tafiyar da aka amince da ita a gaban shaidu. Na biyu, kalma irin "je ki gidanku" tana iya zama saki idan da niyyar saki aka faɗe ta. Don haka, malam, ka fayyace abin da kake nufi, kuma ku tambayi malami masani kafin igiya ta tsinke ba ku sani ba.

Idan ta kama, me za a rubuta?

Wa'adi. Wata ɗaya ne ko uku? A sa ranar farawa da ranar da za a sake zama.

Wurin zama. Gidan iyayenta za ta je, ko shi ne zai koma wani wuri ta zauna da yara? Ba dole sai mace ce za ta haɗa kaya ba.

Kuɗi. Nawa, kuma ran nawa ga wata? A tura ta banki, alat ya zama shaida.

Yara. Ina za su kwana, wa zai kai su boko da islamiyya, yaushe ɗayan zai gan su? Kada a mayar da su 'yan aike ko 'yan leƙen asiri.

Aikin gyara. Me ya kawo rigimar, kuma me kowa zai yi a kai? Idan shaye-shaye ne a nemi magani, idan bashi ne a tsara biya. Zaman jira kawai ba ya gyara komai.

Waya. Babu habaici a sitatus ɗin WhatsApp, babu tura hirarku ga shafukan tonon silili a Instagram, babu bidiyon kuka a TikTok. Ku kuna iya shiryawa gobe, amma abin da ya hau intanet ba ya sauka.

Shaidu. Waliyyai ko dattawa biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. A jihohin da ke da Hisbah, irin su Kano, ofisoshinta suna zaman sulhun ma'aurata. Masu auren rajista kuwa su ga lauya.

Inda ba ta da amfani

Idan akwai duka ko barazana ga rai, maganar ba ta a huce a dawo ba ce. Tsira ce farko, 'yar uwa, sannan hukuma. Haka nan idan miji yana ja da lokaci ne don ki gaji ki fanshi kanki da khul'i, wannan ba sulhu ba ne, cuta ce. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa ke bi, alƙali yana da ikon raba aure saboda cutarwa ko rashin ciyarwa. Ba a ce ki zauna a rataye har tsufa ba.

Ranar da wa'adi ya cika, a zauna kamar yadda aka rubuta. Ko dai a koma ɗaki da sababbin ƙa'idoji, ko a rabu cikin mutunci kowa ya kama gabansa. Ƙara wa'adi sau ɗaya ba laifi in ana ganin haske, amma kada ya zama al'ada.

Ku da ba ku yi aure ba tukuna, ku ajiye wannan a ranku. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma wata rana a cikin abokanku ko 'yan uwanku wani zai kira ku cikin dare ya ce ta tafi gida. Kada ku tsaya a "Allah Ya kyauta". Ku tambaye shi: zuwa yaushe, wa ke ciyar da ita, kuma su wa suka shaida?