Zubin rezin da silikon: Injin zuƙe iska ko tukunyar matsi, wanne za a fara saye?

Sana'ar zubi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Maƙera sun daɗe suna narka alminiyam su zuba shi a cikin yashi ya fito tukunya ko ludayi. Abin da ya zo sabo shi ne zubin da ba ya buƙatar wuta: a haɗa ruwan roba mai daskarewa da ake kira rezin, a zuba shi a mazubin silikon, gobe a ciro maƙalin makulli, ko faranti, ko ƙwayoyin carbi, ko allon karramawa irin wanda ake miƙa wa ma'aikaci ranar da ya yi ritaya. Bidiyoyin TikTok da YouTube sun sa aikin ya zama kamar wasa. Sai dai wanda ya gwada ya san abin da ke ɓata kaya, wato ƙananan ƙwayoyin iska da ke maƙalewa a ciki su mayar da abin da ya kamata ya yi garau kamar gilashi ya koma dishi-dishi.

Maganin da aka fi ambata shi ne injin zuƙe iska, wanda masu gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki ke kira bakum. Ga mai zaune a Gwarzo ko Kabo, sayen irin wannan inji na nufin tafiya birnin Kano, kimanin kilomita 70 daga Gwarzo, ko kuma odar kaya daga Legas. Kuskure a nan yana da tsada, domin mayar da kaya ba abu ne mai sauƙi ba. Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne ɗaukar cewa inji ɗaya ne ke maganin kowace kumfa.

Hanyoyin biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. A ta farko ana sa abin da aka dama a cikin rufaffiyar tukunya, inji ya janye iskar da ke ciki. Da matsi ya ragu, kowace ƙwayar iska sai ta kumbura, ta taso sama, ta fashe. A ta biyu ana sa mazubin da aka riga aka cika a cikin tukunyar matsi, a ɗura mata iska da kwamfuresa, matsin ya danne ƙwayoyin har ido ya daina ganinsu, a bar shi haka har rezin ya daskare. Dukkansu suna tafiya ne a kan ƙa'idar da masanin kimiyya Robert Boyle ya wallafa a shekarar 1662, cewa iska tana kumbura idan matsi ya ragu, tana kuma tsukewa idan ya ƙaru.

Zuƙa ta fi dacewa da silikon. Yana da kauri, iska ba ta iya fita daga cikinsa da kanta, kuma yawancinsa yana ba da minti ashirin ko fiye kafin ya fara kamawa. A cikin tukunyar zuƙa yana tasowa kamar ƙullin da ya sha yis, ya ninka kansa sau uku ko huɗu, sannan ya faɗa. Wannan faɗawar ita ce alamar cewa aiki ya yi. Saboda haka kofin da aka dama a ciki dole ya ninka abin da ke cikinsa sau huɗu, ita ma tukunyar da girman kofin ake auna ta. Wanda ba ya dama fiye da rabin kilo a lokaci guda, tukunya mai cin lita goma zuwa goma sha biyu ta ishe shi. Babbar tukunya ba alfahari ba ce. Ƙarin iska ce kawai da injin zai ɓata lokaci yana janyewa.

Rezin kuma labarinsa daban ne, domin iri-iri ne. Nau'in foliyuretan mai saurin kamawa yana iya fara ɗaurewa cikin minti uku zuwa biyar, kafin a gama zuƙa ya riga ya daskare da kumfarsa. Nau'in foliyesta, wanda masu aikin faiba suka sani, yana ɗauke da sinadarin da ke tafasa idan matsi ya yi ƙasa sosai, sai mai aikin ya yi ta kallon kumfa yana zaton iska ce, alhali rezin ɗin ne ke rasa wani ɓangare nasa. Efoksi mai jinkirin daskarewa yana amfana da zuƙa sosai, shi ma ana sake shigar masa da iska wajen zubawa. Don haka wanda burinsa kaya masu kauri da ake gani ta cikinsu, tukunyar matsi ce abin nemansa. Wanda kuwa sirara yake zubawa, kamar faranti ko maƙalin makulli, sau da yawa ba ya buƙatar ko ɗaya: damawa a hankali, zubawa siriri daga gefe guda, da ɗan hura iska mai zafi a saman rezin sun wadatar.

Akwai sarƙaƙiya ɗaya da ke haɗa hanyoyin biyu. Mazubin da aka yi ba tare da cire masa iska ba yana da ƙananan ramuka a ƙarƙashin fatarsa. Idan aka sa shi a tukunyar matsi, ramukan sai su motse, kayan ya fito da ƙuraje a jikinsa. Mai shirin amfani da matsi dole ya zuƙe silikon ɗinsa, ko kuma ya bar mazubin ya daskare a cikin tukunyar matsin tun farko. Hanya ta biyu tana nufin mai ƙaramin jari zai iya farawa da tukunyar matsi kaɗai.

Idan an yanke shawarar sayen injin zuƙa, abu biyu ake dubawa a jikinsa: saurinsa da zurfin zuƙarsa. Ana rubuta saurin da haruffan CFM, kuma 3 CFM daidai yake da kusan lita 85 na iska a minti ɗaya, wanda ya ishi ƙaramar tukunya. Injin mai amfani da mai, irin na masu gyaran firiji, shi ne ya dace. Mai hawa ɗaya yana yin aikin silikon, mai hawa biyu ya fi zurfi amma ya fi tsada. Na'urar share ƙura ta gida ba ta kusanci abin da ake buƙata ba. Tsohon kwamfuresan firiji da wasu ke juyawa yana ja, ana kuma iya koyon aiki da shi, amma sau da yawa yana gazawa daidai inda silikon mai kauri ke buƙatar faɗawa.

Batun zurfi ne ke jawo gardama tsakanin mai saye da mai shago, kuma sau da yawa babu mai laifi. Takardun kamfanonin silikon sukan ce a kai allurar geji inci 29. An yi wannan lissafi ne a bakin teku, inda iyakar abin da geji zai iya nunawa shi ne inci 29.9. Duk hawan mita 300 yana rage kusan inci ɗaya, ƙasar Kano kuwa tana kimanin mita 500 sama da teku. Ke nan injin da zai nuna 29 da ɗoriya a Legas, a Gwarzo zai tsaya wajen 28, lafiyarsa ƙalau. Gwajin da ya fi geji gaskiya shi ne a sa ɗan ruwa a kofi cikin tukunyar: inji mai kyau zai sa shi tafasa ba tare da wuta ba. Daga nan a rufe bawul, a kashe inji, a zuba wa allura ido na minti goma. Idan tana komawa baya, akwai inda iska ke shiga.

Murfi ba wurin tsimi ba ne. Iskar duniya tana danna kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, don haka murfi mai faɗin santimita 30 yana ɗauke da nauyin da ya kusa kilo 700, wato buhun siminti goma sha huɗu. Gilashin taga ba ya jure wannan. Ana buƙatar gilashi mai tauri na musamman ko roba mai kauri da aka yi domin aikin, ita ma robar tururin wasu sinadarai yana sa ta tsattsage a hankali. Tukunyar alminiyam ta zubin yashi, duk da kaurinta, tana iya samun ƙofofin da ido ba ya gani. Haɗarin tukunyar matsi ya fi haka, domin ita waje take turawa. Ana aiki da ita tsakanin 40 zuwa 60 a ma'aunin psi, irin wanda masu faci ke auna taya da shi, kuma ba a wuce adadin da aka rubuta a jikinta. Tsohuwar tukunyar gas da aka yanke aka yi wa walda ba ta da wurin zama a wannan aiki.

Sai yanayi, wanda takardun da aka rubuta a Turai da Amurka ba su yi la'akari da shi ba. Lokacin aiki da ake rubutawa a jikin gwangwani an auna shi ne a zafin digiri 23 zuwa 25. A watan Afrilu zafin Kano yana kaiwa digiri 40, kuma kowane ƙarin digiri goma yana rage lokacin da kusan rabi. Silikon mai minti talatin zai iya komawa mai minti goma, don haka da sassafe ake damawa. Damina tana kawo laima, foliyuretan kuwa da ya haɗu da danshi sai ya haifar da iskar gas daga cikinsa, kumfar da babu injin zuƙa da zai cire ta. Hunturu ya fi kowane lokaci dacewa saboda bushewar iska, in ban da ƙura, wadda ke faɗawa kan silikon a daidai lokacin da aka buɗe bawul. Ɗan ƙyalle ko auduga a bakin bawul ɗin yana tare ta.

Wutar lantarki ma tana cikin lissafi. Zuƙa aikin mintuna ne, amma ba ta son katsewa: idan wutar KEDCO ta ɗauke alhali tukunya na cikin zuƙa, man injin yana iya komawa ta tiyo ya zube a kan silikon. Bawul tsakanin inji da tukunya shi ke hana haka, kuma ƙa'ida ita ce a rufe shi kafin a kashe inji. Ƙaramin inji mai kwatan ƙarfin doki ba ya cin wuta da yawa, sai dai yana fizga wajen tashi, don haka janareta ko inbatar sola na buƙatar rara. Tukunyar matsi ta fi sauƙi a nan, domin da an ɗura mata iska an rufe, ba ta ƙara neman wuta har gari ya waye, muddin ba ta yoyo.

Man injin zuƙa nasa daban ne, ba a zuba masa baƙin man mota ko na babur. Idan ya koma fari-fari kamar madara, ya sha ruwa, ƙarfin zuƙa zai ragu har sai an canza shi. Ana samunsa a wurin masu sayar da kayan gyaran firiji, irin waɗanda ke yankin Sabon Gari a Kano, kuma mai komawa Gwarzo ko Kabo gara ya haɗo da kwalba ɗaya ta ajiya tun ranar da ya sayi injin.