Buɗe Kwamin Ninkaya na Gida Bayan Hunturu da Binciken Lafiyar Ruwansa

A ƙasashen da sanyi yake tsananta har ruwa ya daskare, kamar Kanada da Jamus da arewacin Amurka, kwamin ninkaya da ake ginawa a bayan gida ba ya aiki duk shekara. Da zarar hunturu ya gabato sai a rage ruwan, a hura iska a fitar da wanda ya rage cikin bututu, a toshe bakunansu, sannan a lulluɓe kwamin da tamfol, saboda ruwa idan ya zama ƙanƙara girmansa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari, kuma wannan ya isa ya tsaga bututu ko injin jan ruwa. A Amurka an saba ɗaukar Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, a matsayin farkon lokacin ninkaya, amma masu sana'ar kula da kwami sun fi son a buɗe da wuri, tun zafin ruwan bai wuce digiri 15 ko 16 ba, domin daga nan ne gansakuka take fara yaɗuwa.

Aikin hannu na buɗewar ba shi da wani sarƙaƙiya: a kwashe ganyaye da ruwan da ya kwanta a kan tamfol kafin a yaye shi, a cire abubuwan toshiya, a ƙara ruwa, a kunna injin da matacinsa su yi aiki kwana ɗaya ko biyu ba tsayawa, a goge bango da buroshi. Sai dai ba a kwashe ruwan kwamin gaba ɗaya ko da ya yi kore shar, domin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa yana iya tura kwamin da ba komai a cikinsa sama har ya tsage.

Inda aikin yake da wuya shi ne awo, kuma a nan ne mafi yawan masu gida suke yaudarar kansu, ganin cewa ruwa garai-garai yana iya kasancewa ɗauke da ƙwayoyin cuta. Abu na farko da ake aunawa shi ne pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kishiyarsa, kamar dai yadda kanwa take kashe tsamin yakuwa a miya. Ma'aunin yana tashi daga 0 zuwa 14, kuma a kwamin ninkaya ana son ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Dalilin shi ne kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, ƙarfinsa ya dogara ne a kan wannan adadi: a 7.5 kusan rabinsa ne yake cikin sigar da ta fi kisa, a 8 kuwa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Idan kuma adadin ya faɗi ƙasa da 7, ruwan yakan ci ƙarafa da siminti, ya sa idanu raɗaɗi. Saboda haka wanda ya zuba kulorin bai daidaita pH ba, kuɗinsa kawai ya zubar.

Shi kansa kulorin iri biyu ne a cikin ruwa. Akwai sakakke, wanda bai haɗu da komai ba tukuna, kuma Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada ya gaza miligiram 1 a kowace lita. Akwai kuma wanda ya riga ya haɗu da gumi da fitsari ya zama wani sinadari da ake kira kuloramin, kuma shi ne mai ƙaurin nan da ke bugun hanci a bakin kwami, yana jan idanu su yi jajawur. Mutane da yawa sun ɗauka ƙaurin alama ce ta yawan magani, alhali kuwa yana nuna ƙazanta ce ta cinye maganin, shi ya sa a ranar buɗewa ake zuba kulorin mai yawa a karo ɗaya da yamma, a hana shiga sai awo ya nuna ya sauko. Zaɓen yamma ba don al'ada ba ne, hasken rana yana lalata mafi yawan kulorin cikin 'yan sa'o'i idan ba a sa masa sinadarin kariya ba. Wannan ya shafi otal-otal da gidajen Kano da Abuja da Yamai kai tsaye, inda babu ƙanƙara amma akwai rana mai ƙuna, da ƙurar hunturu da ke toshe mataci, da ruwan burtsatse wanda a wasu wurare ƙarfen da ke cikinsa yake rinewa ja da zarar kulorin ya taɓa shi.

Ko da komai ya daidaita, kulorin ba ya kashe ƙwayoyi a lokaci ɗaya. E. coli tana mutuwa cikin ƙasa da minti ɗaya, Giardia tana ɗaukar kimanin minti 45, ita kuwa Cryptosporidium, mai haddasa gudawa, tana iya wuce kwana 7 da ranta a ruwan da aka yi wa magani yadda ya kamata. Babu abin da ke hana yaɗuwarta kamar hana mai gudawa shiga ruwan. Su ma magungunan suna da nasu haɗarin, domin haɗuwar asid da kulorin tana fitar da iska mai guba, kuma ƙa'ida ita ce a zuba sinadari cikin ruwa, ba ruwa cikin sinadari ba.

Duk da haka, abin da ya fi kashe mutane a kwamin gida ba ya fitowa a takardar awo. A Amurka nutsewa ce kan gaba wajen mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4, kuma yaro yakan nutse shiru, ba kururuwa ba fantsama ruwa, yayin da manya suke hira a kusa. Wannan ne ya sa ake son a kewaye kwamin ta kowane gefe da shingen da bai gaza mita 1.2 ba, mai ƙofar da ke rufe kanta, kuma Faransa ta yi doka a 2003 da ta tilasta wa masu kwamin da aka haƙa a gida sanya abin kariya. Akwai kuma magudanar da ke ƙasan kwamin, wadda zuƙarta take iya riƙe gashi ko jikin mutum. Mutuwar wata yarinya 'yar shekara 7, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta wannan hanya a 2002, ita ta haifar da dokar Amurka ta 2007 da ta wajabta murfin magudana mai hana maƙalewa a wuraren ninkaya na jama'a. Rana da magani suna tsofar da robar wannan murfi, don haka mai buɗe kwami yana bukatar ya duba shi da kusoshinsa, ya sauya shi idan ya tsage, kafin a bar kowa ya shiga.