Wudil: Yadda ake ƙirga masu cin abinci da iliminsu

Idan aka ambaci Wudil, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Amma garin ne kuma mazaunin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, da Kwalejin Horar da 'Yan Sanda ta Ƙasa. To, mutum nawa ne a can ke cin abinci da iliminsu?

Masana ƙididdiga suna da rukuni na musamman ga irin waɗannan ayyuka: koyarwa, kiwon lafiya, banki da inshora, aikin lauya da akanta, sadarwa, kwamfuta, bincike da aikin gwamnati. A Turai, hukumar Eurostat kan zaɓi gidaje ta tambayi mazaunansu inda suke aiki, sannan ta fitar da kason ma'aikatan kowane yanki da ke wannan rukuni.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma gida-gida take bi. Sai dai gidajen da take zaɓa ba su kai yawan da za a fitar da alƙaluman ƙaramar hukuma guda ba, ga shi rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006. A 2023 hukumar ta sauya ma'auni, inda duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ya zama mai aiki. Nan take rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 zuwa 4.1 cikin ɗari, a takarda dai.

Babban tarnaƙin Wudil shi ne, inda mutum yake kwana ake ƙirga shi. Malamin jami'a da ke sammako daga Hotoro ko Tarauni ya koma da yamma, ɗan birnin Kano ne a lissafi, alhali a Wudil yake buƙatar lantarki da intanet. Wanda zai buɗe reshen banki ko ya gina gidajen haya bisa waɗannan alƙaluma zai raina garin.

Rabon ma da wurin aiki ake yi, ba da abin da ke kan mutum ba. Masinjan jami'a ya shiga rukunin, likitan dabbobi ma haka. Dillalin da zai dubi sa sau ɗaya ya faɗi shekarunsa da kuɗin da zai yi a Legas kuwa, ɗan kasuwa kawai aka rubuta shi.