Daga Nono Zuwa Koko: Yadda Ya Dace a Fara Ba Jariri Abinci

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da kaka zai ga masara da dawa da waken suya da gyaɗa jibge a bakin gonaki, har ya ce yunwa ba ta da wurin zama a wannan yanki. Amma a cikin gidajen da rumbunansu ke cike, sau da yawa akan sami yaro ɗan wata tara ko shekara guda ya rame, yana fama da gudawa, iyaye kuma su ce ai haƙora ne. A gaskiya abin da ke damun da yawa daga cikin waɗannan yara yana cikin ludayin kokon da ake ɗura musu.

Ya kamata mai karatu ya bambanta abu biyu. Yaye a al'adar Bahaushe shi ne cire yaro daga nono gaba ɗaya, lokacin da ya doshi shekara biyu. Abin da muke magana a kai ya riga wannan, wato lokacin da ake fara haɗa wa jariri nono da wani abinci. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa ba koko, sannan a fara ba shi abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Dalili kuwa shi ne, jariri yakan zo duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsa, wanda ake haɗa jini da shi, kuma ajiyar takan ja baya wajen wata na shida, ga shi nono ba shi da wannan sinadari da yawa. A daidai lokacin ne kuma wuyan yaro ke tsayawa, ya iya zama in an tallafe shi, ya daina turo abinci waje da harshe.

Matsalar koko ta lissafi ce. Cikin jariri ɗan wata shida ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin ƙaramin kofin shayi guda a zama ɗaya. Idan aka dama gasara da kauri, sitacin da ke cikinta yakan sha ruwa ya kumbura, yaro ya kasa haɗiya. Sai uwa ta ƙara ruwa har ya tsinke. To, tsinkakken koko yawancinsa ruwa ne, ƙarfin da ke cikinsa bai kai na nonon da ya kore daga cikin yaron ba. Yaro ya ƙoshi a ido, jikinsa na jin yunwa. Hukumar ta ƙiyasta cewa, ban da nono, yaro na bukatar kalori 200 a yini daga wata 6 zuwa 8, kalori 300 daga wata 9 zuwa 11, sannan 550 a shekararsa ta biyu.

Maganin wannan yana cikin rumbu. Idan aka jiƙa dawa ko gero har ya yi tsiro, aka shanya aka niƙa, garin yana ɗauke da wani sinadari mai suna amilas wanda ke tsinka sitaci. Ɗan cokali guda a cikin kunu mai kauri da ɗuminsa zai sa ya saki ba tare da an ƙara ruwa ba, sai a sake tafasa shi. A haɗa da garin soyayyen waken suya ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da ɗigon manja, wani lokaci da gwaiduwar dafaffen ƙwai ko dakakken kifi ko hanta. Sai dai a tsince gyaɗa da masara sosai, domin waɗanda suka yi fumfuna suna ɗauke da dafin afalatoksin mai lahanta hanta, kuma tafasawa ba ta kashe shi.

Batun gudawa kuwa, a nan yankin aka yi ɗaya daga cikin binciken da duniya ta san shi. A shekarun 1970, tun kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun gudanar da dogon nazari a ƙauyukan Malumfashi. A 1981 Dakta Andrew Tomkins ya wallafa cewa gudawa ta fi daɗewa a jikin yaran da suka riga suka rame. Ke nan rama na tsawaita gudawa, gudawa na ƙara rama. Kokon da aka dama da safe aka ajiye shi har la'asar cikin zafin bazara gona ce ta ƙwayoyin cuta.

Yana da kyau mu leƙa wasu ƙasashe. A Japan, idan jariri ya cika kwana 100 akan yi masa biki mai suna okuizome: a jera shinkafa da miya da kifi, wani dattijo ya riƙa kai abincin bakinsa ba tare da ya ci ba, fata ce kawai ta kada ya rasa abinci a rayuwa. Ci na haƙiƙa sai wata 5 zuwa 6, kamar yadda jagorar Ma'aikatar Lafiyarsu, wadda aka sabunta a 2019, ta tanada. Sukan fara da cokali guda na kunun shinkafa, awo ɗaya na shinkafa da awo goma na ruwa, su bi da markaɗaɗɗen kayan lambu, da farin kifi, da tofu. Wannan tofu ba wani abu ba ne illa awarar da ake soyawa a kowane lungu na Funtuwa, sai dai su dafa ta suke yi, ba yaji. Kunun nasu ma tsinkakke ne, amma ba sa daɗewa a kansa. Wata bayan wata suna rage ruwa suna ƙara tauri. Mu a nan ne yaro ke shekara guda a kan koko iri ɗaya.

Amurkawa sun bi ta kanti. Tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Gerber ya fara sayar da tataccen abincin jarirai, kuma a tsakiyar ƙarni na 20 har jarirai 'yan makonni ake ba, kafin likitoci su dawo da lokacin zuwa wajen wata shida. Abin koyi a wurinsu shi ne dagewa kan sinadarin ƙarfe, ta garin hatsin da aka ƙara wa shi ko markaɗaɗɗen nama. Sun kuma sauya ra'ayi game da gyaɗa. A da sukan hana ta don tsoron borin jini, amma wani bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2015 ya nuna cewa fara ba da ita da wuri ya rage wannan larura da kimanin kashi 80 cikin 100 a yaran da ke cikin haɗarinta, sai suka gyara ƙa'idarsu a 2017. Kunun gyaɗarmu bai yi laifi ba ke nan, muddin ba ƙwayarta aka ba yaro ta shaƙe shi ba.

Abu guda da likitocin Japan da na Amurka suka haɗu a kai zai yi wa kakanni nauyi: kada a ba yaro zuma kafin ya cika shekara guda, domin takan ɗauki irin wata ƙwayar cuta da ke tsira a hanjin jariri ta fitar da dafi mai shanye jijiyoyi. Haka nan ɗura, wato toshe wa yaro hanci a kwarara masa koko, tana iya tura abinci cikin huhu. A zaunar da shi a cinya, a ba shi da cokali sau 2 zuwa 3 a yini da farko, daga wata 9 a kai sau 3 zuwa 4.