Wa Zai Koya wa Masu Ƙirga Mu Riƙon Amana?

Duk wanda ya buɗe asusun banki, ko ya yi rajistar layin waya, ko ya karɓi lambar zama ɗan ƙasa, ya bar wani abu nasa a kwamfutar wasu: suna, hoto, zanen yatsu, ranar haihuwa, har da unguwar da yake kwana. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da lambar BVN ta masu asusun banki. A Disambar 2020 kuma gwamnati ta ce dole kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta zama ɗan ƙasa, wato NIN, jama'a suka yi ta cincirindo a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da lambar, da ke Alausa a Ikeja, ga annobar korona ana fama da ita. Waɗannan bayanai ba jibge su kawai ake yi ba. Akwai masu sana'ar tace su, su auna, su fitar da hukunci: wane za a ba bashi, wace unguwa ke buƙatar asibiti, wane ne abin zargi. Ilimin wannan sana'a shi ake kira kimiyyar bayanai, kuma yanzu digiri ne mai zaman kansa a ƙasar nan. Yana cikin sabon tsarin karatun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022.

Ɗalibin wannan fanni yana koyon lissafi, da ƙididdiga, da rubuta umarnin kwamfuta. Duk wannan daidai ne. Abin da ke damuna shi ne ko yana fita daga jami'a da sanin cewa kowane layi a jadawalin da ke gabansa mutum ne mai iyali da mutunci.

Mu je Agege ta jihar Legas, don a nan maganar ta fi fitowa fili. Hausawa sun kafu a wannan gari tun zamanin da cinikin goro ke tashe, layin dogo yana kwasar huhuna zuwa Arewa. Daga baya harkar dabbobi ta ƙara jawo mutane, ga babbar mahautar Oko-Oba nan a gefe. Akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su, suna jin Yarbanci kamar Hausa. Akwai kuma 'yan ci-rani masu zuwa bayan girbi su koma da faɗuwar damina. To, mutum nawa ne su? Ƙidayar 2006, wadda har yau ba a sake wata ba, ta ba Ƙaramar Hukumar Agege mutum kusan 460,000, ta ba jihar Legas miliyan 9 da 'yan kai. Gwamnatin jihar ta yi fatali da adadin, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Ita ƙidayar kuwa da gangan aka cire tambayar ƙabila da ta addini daga cikinta, don gudun rigima. Ɗalibin da aka miƙa wa waɗannan alƙaluma ba tare da wannan tarihi ba zai ɗauka gaskiya ce tsantsa, alhali mutane ne suka zauna suka zaɓi abin da za a tambaya da abin da za a bari.

Ga wani misali da ya fi kusa. Mu ƙaddara an ba ɗaliba jerin sunayen masu neman tallafi daga wata unguwa a Agege, aka ce ta tsabtace shi kafin a yi aiki da shi. Za ta tarar da Muhammad a wuri ɗaya, Mohammed a wani, Muhammadu ko Mamman a na uku. Za ta ga mutum goma duk sunansu Musa Abdullahi, rabinsu kuma an rubuta 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwarsu, saboda ba su da takardar haihuwa, ma'aikacin rajista ya cike gurbin da abin da ya zo masa. Wasu a gurbin sunan iyali sunan garinsu aka sa. Adireshin mutum ashirin gida ɗaya ne, domin gidan maigidansu ne da ke saukar da baƙi. Abin da littafi ya koya mata shi ne, suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya da adireshi ɗaya alama ce ta maimaici ko maguɗi. Sai ta danna maɓalli ta share. Cikin daƙiƙa guda magidanta huɗu sun fita daga jerin, kuma ba wanda zai taɓa gaya musu dalili. Yarinyar nan ba muguwa ba ce. Ba a taɓa nuna mata yadda sunayenmu da zamanmu suke ba.

Haka zancen bashi. Dillalin shanu na iya juya miliyoyin naira a mako, amma cinikinsa a kan tsabar kuɗi da yarda yake tafiya: a ba mahauci sa yau, ya biya bayan ya sayar da nama, maigida ya tsaya masa. Masanin nan Abner Cohen ya rubuta littafi a 1969 a kan yadda wannan tsari ke riƙe da kasuwancin Hausawan Sabo a Ibadan. Tsarin lissafin da ke auna cancantar bashi daga shige da ficen asusu kuwa bai ga ko ɗaya daga wannan ba. A wurinsa mutumin da kasuwa gaba ɗaya ta shaida da cika alkawari bai da tarihi.

Wannan ɓarnar rashin sani ke nan. Akwai kuma wadda ake yi da ido buɗe. Mazauna Legas sun san manhajojin ba da bashi na waya, waɗanda ke kwashe lambobin da ke wayar mutum, in ya yi jinkirin biya su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan keta sirrin masu cin bashi, a Maris na 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Ikeja. Abin lura shi ne, manhajar ba ita ta rubuta kanta ba. Wani matashi mai ilimi ne ya zauna ya tsara yadda za ta zuƙe lambobin, wataƙila ma yana alfahari da yadda aikin ya yi kyau.

Jami'o'in ƙasashen waje sun fara farga. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da ta buɗe digirin kimiyyar bayanai a 2018, ta wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar darasi a kan ɗa'ar aikin da yadda yake shafar rayuwar mutane. Jami'ar Harvard ta bi wata hanya tun 2017: malaman falsafa ne ke shiga cikin azuzuwan kwamfuta, ana tattauna matsalar a daidai inda ta taso. Misalan da suke koyarwa da su sanannu ne. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, sun gwada wasu manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni, suka gano kuskurensu wajen bambance mace da namiji bai kai kashi 1 cikin 100 ba a kan fararen maza, amma a kan mata masu duhun fata ya kai kusan kashi 35. Ana ganin dalilin shi ne, hotunan da aka horar da na'urorin da su yawanci na fararen fata ne.

Darasi ne mai kyau, amma ba na so malamanmu su tsaya a kan aron misalan Amurka. Muna da namu, kuma sun fi ciwo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, aka ba wasu sabon maganin, wasu kuma wani daban. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake bazuwa har ƙetare. Ɗalibin da ya nazarci wannan zai gane cewa dangwala yatsa a kan takardar Turanci da mutum bai iya karantawa ba ba yarda ba ce, kuma in aka ci amanar jama'a sau ɗaya, masu zuwa baya ne ke biya.

Wani zai ce ai akwai doka. Gaskiya ne. A Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, aka kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba mutum ikon sanin abin da aka tara a kansa, da neman a gyara ko a goge, da ƙin amincewa da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke masa a kan abu mai nauyi. Sai dai doka bayan ɓarna take zuwa, kuma mai turin baro da aka share sunansa bai san akwai ta ba, balle ya kai ƙara. Rigakafin yana hannun wanda ke zaune gaban kwamfuta.

A ganina, darasi guda da ake haddacewa daren jarabawa ba zai wadatar ba. Sabon tsarin NUC ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta, kuma a nan damar take. Jami'ar Legas da ke Akoka da ta jiha da ke Ojo ba su da nisa da Agege. Me zai hana a tura ɗalibai, da izinin Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, su zauna da 'yan goro da mahauta da malaman Islamiyya, su tattara bayanai da hannunsu, su yi bayanin aikinsu da Hausa ko Yarbanci har sai mai amsa ya gamsu? Sa'annan duk aikin kammala digiri a tambayi mai shi: su wa suka faɗi daga jadawalinka, wa zai cutu in lissafinka ya kuskure, kuma wa zai kai wa kuka? A ba amsar maki kamar yadda ake ba lissafin. Malamai ma ba sai an ɗauko daga nesa ba. Masu bincike irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun tattara dubban saƙonnin Twitter na Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin buroka a aikin NaijaSenti na 2022, masu jin harsunan ne kuma suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna tantance ma'ana. Ɗalibanmu da yawa kuma sun taso da karatun amana da haramcin bin diddigin sirrin mutane tun daga makarantar allo. Abin da ya rage shi ne a nuna musu cewa hukuncin bai tsaya a bakin ƙofar ɗakin kwamfuta ba.

Mai karatu, kai ma da naka aikin. In wani ya zo da takarda ko waya yana neman sunanka da lambar NIN ɗinka, tambaye shi wa ya aiko shi, me za a yi da su, ina za a ajiye. In manhaja ta nemi izinin shiga lambobin wayarka don ta ba ka bashi, ka ƙi. In kuma ɗanka ko 'yarka na karanta wannan fanni, idan an zo hutu ka tambaye su ko ana koya musu haƙƙin mutanen da suke ƙirgawa. In amsar a'a ce, ku rubuta wa shugaban sashen.